Tekun da Ya Ratsa Ƙasar Hausa: Tarihin da Ke Binne a Ƙarƙashin Ƙafafunmu

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Mun saba idan aka ce tarihin Kazaure sai a fara daga Ɗantunku, idan aka ce na Kano sai a fara daga Barbushe da dutsen Dala, na Daura kuma daga rijiyar Kusugu. To yau za mu koma baya sosai, zamanin da babu ɗan Adam ko ɗaya a doron ƙasa. Maganar da zan kafa ita ce: akwai lokacin da ruwan teku, ruwan gishiri mai kifaye da dodon koɗi, ya kwanta a inda Sakkwato da Wurno da Tawa da Gwambe suke a yau. Zan faɗa muku su wa suka gano haka, da me suka kafa hujja, ina Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suke a wancan lokaci, da kuma dalilin da ya sa wannan zance ya shafi ruwan da muke sha da simintin da muke gini da shi.

Mu fara da mai haƙar rijiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ya ga yadda ƙasa ke fitowa kala-kala. Da farko rairayi, sai jar ƙasa, sai marmara, wani wurin a tarar da yumɓu ko tsakuwa kafin a kai ga ruwa. Tsohon mahaƙi yana iya duba ƙasar da aka fito da ita a guga ya ce saura gaba biyu a cimma ruwa. Wannan sanin da yake da shi, shi ne masana suka faɗaɗa ya zama fanni guda a jami'a: ilimin shimfiɗun ƙasa, wato sanin wace shimfiɗa ce ke kan wace, kuma yaushe kowace ta kwanta.

Ƙa'idarsa ta farko mai sauƙi ce. Shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta, kamar yadda tabarmar da aka fara shimfiɗawa ita ce a ƙasan sauran. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya rubuta wannan ƙa'ida a 1669. Ƙa'ida ta biyu ta fito daga wani Bature ɗan Ingila mai auna hanyoyin ruwa, William Smith. Ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da irin nata burbushin halittu, wato ƙwanso da ƙashi da haƙoran da suka daɗe a binne har suka koma dutse. Idan ka ga iri ɗaya a garuruwa biyu masu nisa, to shimfiɗun nan biyu sa'o'in juna ne. Da wannan dabara ya fitar da taswirar duwatsun Ingila a 1815.

Na san wani zai ce, wannan ai zancen Turawa ne. A'a. Kusan shekara dubu da suka wuce, Abu Raihan al-Biruni ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da, hujjarsa kuwa ita ce ƙwanson halittun ruwa da ake tonowa idan ana haƙar rijiyoyi a can. Ibn Sina ma ya yi bayani a kan yadda laka ke zama dutse da yadda ake samun halittun ruwa a cikin duwatsun tudu. Malaman Musulunci sun riga Steno da Smith duba wannan al'amari da ɗaruruwan shekaru.

1903: shekarar da aka ci Kano da Sakkwato

Kowa ya san abin da ya faru a 1903. A watan Fabrairu sojojin Ingila suka shiga Kano, a watan Maris suka shiga Sakkwato. Abin da ba a koya mana a makaranta ba shi ne, a wannan shekarar dai wani masanin duwatsu Bafaranshe, Albert de Lapparent, ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Paris bayanin cewa an samo alamun tsohon teku a ƙasar Sudan ta Yamma, daga duwatsun da hafsoshin Faransa suka tsinto a yankin Tamaske, cikin ƙasar Tawa. A daidai lokacin kuma jami'an da ke shata iyaka tsakanin mulkin Ingila da na Faransa suna tsintar irin waɗannan duwatsu suna aikawa gida.

A 1904 wani masani a gidan adana kayan tarihin halittu na Landan, F. A. Bather, ya wallafa bayani a kan wasu daga cikinsu. Abin da ya samu a hannunsa wata halitta ce da za mu iya kira bushiyar teku: dunƙulalliya ce kamar ƙwallon goruba, jikinta duk ƙaya lokacin tana raye, bayan ta mutu sai ƙayar ta zube a bar ƙwanso mai zanen tauraro a baya. Muhimmancinta shi ne, ita wannan halitta ba ta rayuwa a kogi ko tafki ko kududdufi. Sai ruwan gishiri. Saboda haka ganinta a cikin dutse a ƙasar Adar, nesa da kowane teku da ɗaruruwan kilomita, hujja ce da ba ta da makawa.

Ku lura da wani abu a nan. Mutanen da suka zo da bindiga, su ne suka zo da guduma da jakar tsintar duwatsu. A 1904 aka fara binciken ma'adinai na Arewacin Nijeriya, kuma abin da ake nema shi ne kuza da zinariya da duk abin da zai yi kuɗi. J. D. Falconer, wanda ya jagoranci aikin, ya zagaya Arewa a kan doki da ƙafa, ya fitar da littafi a kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa a 1911. A ƙarshen littafin akwai bayanin Henry Woods na Jami'ar Kambirij a kan burbushin halittun da aka kwaso, har da waɗanda aka samo a Gongila, cikin jihar Gwambe ta yanzu. A 1919 aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya, Falconer ne shugabanta na farko.

Ƙahon rago a cikin dutse

Halittar da ta fi kowace amfani wajen gane shekarun duwatsunmu ita ce wadda masana ke kira amonayit. Ƙwansonta a naɗe yake kamar ƙahon rago, cikinsa ɗaki-ɗaki, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe tana iyo da hannuwa masu yawa. Abin da ya sa masana ke ji da ita shi ne, kamanninta na saurin canzawa daga zamani zuwa zamani, kuma tana bazuwa ko'ina a teku. Kamar kuɗi ne: idan ka tono tukunya ka ga anini a ciki ka san zamanin da aka binne ta, idan ka ga kwabo mai hoton naira ka san wani zamanin ne daban.

Mutumin da ya fi yin suna a kan amonayit ɗin Nijeriya shi ne Richard Reyment, haifaffen Ostireliya. Ya yi aiki da hukumar binciken duwatsu a shekarun 1950, ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya fitar da littafi a kan duwatsun Nijeriya a 1965, daga baya ya zama farfesa a Uppsala ta ƙasar Swidin. A 1954 ya raɗa wa wasu jinsuna suna Gombeoceras da Bauchioceras, wato ƙahon Gwambe da ƙahon Bauci. Masana na baya sun haɗe waɗannan sunaye da na wasu jinsunan, amma har yau duk mai karanta fannin sai ya ci karo da su. Bayansa, Peter Zaborski, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi ramin da kamfanin simintin Ashaka ke fasa dutse, shimfiɗa bayan shimfiɗa, yana rubuta wace amonayit ce ke cikin wace.

A ɗaya ɓangaren iyaka kuma, idan ka tashi daga Babura ka bi ta Magarya ka wuce Damagaram ka nufi Tanut a ƙasar Damargu, akwai tuddai masu irin waɗannan ƙahoni. Akwai ma jinsin da ake kira Nigericeras, sunan ƙasar Nijar ke nan. Da aka jera abin da aka samu a Ashaka da na Tanut da na Aljeriya da Tunisiya, sai aka ga dangi ɗaya ne, na zamani ɗaya, kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce. Ma'ana, a wancan lokaci akwai hanyar ruwa da ta taso daga tekun da ke arewacin Afirka, ta ratsa inda Sahara take a yau, ta biyo ta gabashin Nijar da kwarin Gongola da na Binuwai, ta haɗe da tekun Atlantika a kudu.

Me ya kawo ruwan? Abu biyu. Duniya ta yi ɗumi ƙwarai a lokacin, babu tulin ƙanƙarar da ke ƙuryar arewa da ta kudu a yau, kuma ƙasan teku na kumbura saboda narkakken dutse da ke ɓullowa yayin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Sai ruwan teku ya hau sama da inda yake yanzu da fiye da mita 100, ya malala cikin duk wani kwari da ya samu a nahiyar.

Shafukan Sakkwato

Inda littafin ya fi karantuwa a ƙasar Hausa shi ne Sakkwato. Raeburn da Tattam sun yi bayanin farko a 1930, Brynmor Jones ya faɗaɗa a 1948. Amma wanda ya zauna ya yi wa yankin aiki na shekaru ɗan Nijeriya ne, Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya koyar a Zariya. Shi ya tattara babban littafin duwatsun Nijeriya da ya fito a 1976, wanda ɗaliban fannin ke karantawa har gobe, kuma shi ne editan farko na mujallar kimiyyar ƙasa ta nahiyar Afirka.

Abin da zai burge ku shi ne sunayen shimfiɗun. Al'adar masana ce su raɗa wa shimfiɗa sunan garin da aka fi ganinta a fili. Daga ƙasa zuwa sama, ga yadda suke: Gundumi da Illo, sai Taloka, sai Dukamaje, sai Wurno, sai Dange, sai Kalambaina, sai Gamba, sai Gwandu a sama. Wurnon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Gwandun Malam Abdullahi, ga su a littattafan kimiyya na duniya a matsayin sunayen shimfiɗu.

Kowace shimfiɗa da labarinta. Taloka yashi ne mai laushi da laka, irin na bakin gaɓa. Dukamaje laka ce ta ƙasan teku, a cikinta ake samun amonayit mai suna Libycoceras, wadda sunanta ma ya nuna an san danginta a Libiya. A cikinta ne kuma aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku. W. E. Swinton ya fara bayaninsa a 1930, sannan a 1972 masana daga Jami'ar Fulorens ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Wurno yashi ne kuma, alamar ruwan ya ja baya. Dange laka ce mai haƙoran kifi da ƙasusuwan kada, alamar ruwan ya dawo. Kalambaina kuwa farin dutse ne da ya taru daga ƙwanson halittu: dodon koɗi, da makankari, da bushiyar tekun nan irin ta Bather, da wasu ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Gwandu yashi ne da yumɓun koguna da fadamu, lokacin teku ya tafi ba dawowa.

Ga wani abin lura. A Dukamaje akwai amonayit, a Kalambaina babu ko ɗaya. Tsakanin waɗannan shimfiɗu biyu ne, shekara miliyan 66 da suka wuce, aka yi gagarumar halakar da ta shafe amonayit da manyan ƙadangarun nan da ake kira dainoso daga duniya baki ɗaya, wadda mafi yawan masana ke dangantawa da wani ƙaton dutse da ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. Abin da ya faru a wancan ɓangaren duniya, ga sawunsa a tsakanin Wurno da Dange.

Kada ku ɗauka masanan nan bakinsu ɗaya a kan komai. Bather da mutanen zamaninsa sun sanya farin dutsen nan a wani zamani, binciken baya ya nuna ya girmi haka. An kuma daɗe ana muhawara a kan ko tekun Sakkwato ya zarce kudu ta kwarin Bida ya haɗe da Atlantika, ko kuwa a nan ya tsaya kamar lungu. Reyment ya kafa hujja da wasu ƙananan halittu masu ƙwanso biyu da ya ga irinsu ɗaya a Libiya da Sakkwato da kudancin Nijeriya, ya ce lallai akwai mahaɗa. Wasu suka duba wasu halittun suka ce ba su gamsu ba. Haka ilimi yake tafiya, kowa ya kawo dutsensa a duba.

To mu fa, ina muke a lokacin?

Nan ne zancen ya zo gida. Idan ka hau tuddan Kazaure ko duwatsun Roni da Gwiwa kana neman ƙahon rago, za ka gaji ba ka samu ba. Duwatsunmu na cikin abin da masana ke kira ginshiƙin ƙasa, wato tsohon dutsen da duk sauran shimfiɗu suka kwanta a kansa. Akwai wani zirin duwatsu da aka raɗa wa sunan Kazaure a taswirar duwatsun Nijeriya, kuma masana daga Zariya sun yi bincike a kansa. Asalin waɗannan duwatsu yashi ne da laka da tsakuwa da ruwa ya tara, sannan kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan ƙasa suka yi karo, zafi da matsi suka gasa su suka murɗe su. Yashi ya koma farin dutse mai tauri, shi ne ƙashin bayan tuddan da muke gani. Laka ta koma dutse mai ɓarewa falle-falle. A wancan zamani halittu masu ƙwanso ba su ma bayyana ba tukuna.

Saboda haka lokacin da ruwa ya kwanta a yamma wajen Sakkwato, da arewa wajen Damargu, da gabas wajen Gongola, mu a nan tudu ne. Ruwan sama na zaizayar duwatsunmu, koguna na kwasar yashin suna kaiwa gaɓar waɗannan tekuna. Dutsen da yaro ke kiwon awaki a kansa a Roni ya girmi tekun Sakkwato nesa ba kusa ba.

Idan kuma ka nufi gabas da arewa maso gabas, ta Babura zuwa Gumel da Haɗeja, sai ginshiƙin ya riƙa nutsewa ƙarƙashin yashi da yumɓun da koguna da tafkuna suka tara a kwarin Cadi cikin 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan, sannan iska ta lulluɓe su da rairayi. Jigawar da jiharmu ta samo suna daga gare ta ke nan. Yankinmu yana daidai bakin iyakar duniyoyi biyu.

Me ya shafe mu?

Na farko, ruwa. A ƙasa mai shimfiɗun yashi, ruwa na kwance ne a tsakanin ƙwayoyin yashin, idan ka san zurfin shimfiɗar ka san inda za ka same shi. Haka ake samun ruwa a yashin Gwandu, haka ake samu a shimfiɗun kwarin Cadi. A kan ginshiƙi kuwa, ruwa sai inda dutse ya ruɓe ko ya tsage. Kana iya haƙa a nan ka samu, ka matsa taku hamsin ka tarar da busasshen dutse. Shi ya sa rijiyar burtsatse a Gwiwa da ta Babura ba aiki ɗaya ba ne. Duk mun san famfunan da aka ƙaddamar da tafi da hotuna, rani na zuwa suka kafe, mata da yara suka koma tafiya mai nisa da jarkoki. Sau da yawa ba a yi awon ƙasa kafin haƙa ba, ko an yi an ajiye takardar. Idan aka kawo aikin rijiya unguwarku, ku tambaya cikin ladabi: an yi awo? Mita nawa aka haƙa? Ina takardar da ta nuna shimfiɗun da aka ratsa? Kuɗin jama'a ne, tambayar haƙƙinku ce.

Na biyu, arziki. Kamfanin simintin Sakkwato, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, yanzu kuma yake hannun BUA, farin dutsen Kalambaina yake ƙonawa. Na Ashaka ma dutsen tsohon teku ne, haka na Malbaza a Nijar. Wato buhun simintin da ka saya da tsada, ƙwanson halittun teku ne aka niƙa. A cikin lakar Dange akwai fosfet da ake takin zamani da shi. Man da aka sanar da samu a Kolmani, tsakanin Bauci da Gwambe, a 2019, aka kuma ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2022, a cikin kwarin Gongolan nan yake, kuma masu haƙar mai da ƙananan burbushin halittu suke gane shimfiɗar da bakin injinsu ya kai. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Al'ummar da ba ta san abin da ke ƙarƙashin gonarta ba, da me za ta yi ciniki? Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Na uku, mallakar tarihin kansa. Ku sake duba sunayen da na lissafa: Bather, Woods, Swinton, Reyment, Azzaroli. Duwatsun da aka fara bayani a kansu suna cikin akwatuna a Landan da Kambirij da Fulorens. Ɗalibin Sakkwato da ke son ganin ƙadangaren Goronyo na asali sai ya nemi biza. Maƙwabtanmu sun ɗan fi mu a nan: a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, ɗan makaranta na iya tsayawa gaban ƙasusuwan dainoso da aka tono a ƙasarsu. Mu kuwa kullum injin na niƙa ƙahonin rago a ramukan siminti, ba wanda ya ce a ware ko kusurwa ɗaya domin ɗalibai.

Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma mai yiwuwa ne. Kamfanonin siminti su ware wani sashe na ramukansu da ba za a fasa ba, su buɗe shi ga makarantu. Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Dutse su riƙa fito da abin da ke cikin kabad ɗinsu ga jama'a, da bayani cikin Hausa. Malaman sakandare a Kazaure da Roni su ɗauki yara su hau tudun da ke bayan makaranta su nuna musu dutsen da hannu. Ƙannenmu masu cike fom ɗin jami'a kuma, ku sani bayan likitanci da lauya akwai fannin ilimin duwatsu, kuma yankin da ke fama da ƙishirwa yana buƙatar 'ya'yansa a ciki.

Idan a garinku akwai wani dutse mai kama da dodon koɗi ko ƙahon rago ko haƙori, kada ku fasa shi, kada ku sayar wa ɗan kasuwa. Ku ɗauki hotonsa a inda yake, ku rubuta sunan wurin, domin dutsen da aka raba da shimfiɗarsa ya rasa rabin labarinsa. Ku turo mana, mu kuma mu miƙa wa masana.

A nan za mu dakata. Wanda ya karanta ya tura wa wanda bai gani ba. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.